Babu Ɗan Tsako a Cikin Ƙwai Ranar da Kaza Ta Saka Shi

Ka samu ƙwan da kaza ta kwana 5 tana kwanci a kansa, ka shiga da shi ɗaki mai duhu, ka kara shi a bakin tocila. Hasken zai ratsa ɓawon, sai ka ga wasu siraran jijiyoyi jajaye sun bazu kamar ƙafafun gizo-gizo, a tsakiyarsu kuma ga wani ɗan ɗigo mai duhu. In ka natsu, hannunka bai yi rawa ba, kana iya ganin ɗigon yana motsi. Da a ce ranar da aka saka ƙwan ka fasa shi, ba abin da za ka tarar sai gwaiduwa da farin ruwa, sai kuma wani ɗan farin tabo a saman gwaiduwar da bai fi kan ashana ba. Amma ranar da ya cika kwana 21, wani abu mai ido da baki da farata da gashi zai fasa ɓawon da kansa ya fito, kafin a jima ya soma bin uwarsa yana tsince-tsince.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai shi ne, a ina ɗan tsakon yake a ranar farko? Masana da yawa a Turai sun ɗauka yana nan ciki cikakke, ƙanƙanta ce kawai ta hana a gan shi. Da Antonie van Leeuwenhoek, mutumin Holan, ya duba maniyyi a madubin ƙara girma a 1677 ya ga wasu 'yan halittu masu jela suna iyo, sai gardamar ta koma kan ko ɗan yana dunƙule ne a ƙwan uwa ko a maniyyin uba. A 1694 wani ɗan ƙasarsa, Nicolaas Hartsoeker, har zane ya yi na ɗan mutum a tsugune cikin kan ƙwayar maniyyi, yadda yake zaton abin yake. Ni ban ga laifinsu ba, domin gaskiyar maganar ta fi nasu zaton wuyar shiga kai. Babu ɗan tsako a cikin ƙwan nan a ranar farko. Gina shi ake yi hawa-hawa, kowane hawa a kan wanda ya gabace shi, kuma maginin da kayan ginin abu ɗaya ne.

Mafarin aikin ƙwayar halitta ce ƙwaya ɗaya tak. Jikin kowace dabba tarin irin waɗannan ƙwayoyi ne, kuma a cikin kusan kowace akwai wasu zaruruwa da ake kira kuromosom, masu ɗauke da bayanan gado. Mutum yana da 46, saniya 60, kaza 78. Biyu-biyu suke zama, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Ƙwai da maniyyi ne kaɗai ake rage wa zuwa rabi, don in sun haɗu lissafin ya koma daidai, kuma a yayin ragewar ana yamutsa abin da dabbar ta gada daga iyayenta biyu. Shi ya sa akuya za ta haifi 'yan biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, ka ga wannan baƙi wancan ja. Alfadari kuwa shi ne shaidar cewa lissafin nan ba wasa ba ne. Goɗiya tana da 64, jaki yana da 62, ɗansu ya tashi da 63, waɗanda ba sa iya jeruwa biyu-biyu yadda ya kamata lokacin yin ƙwai ko maniyyi. Ga ƙarfi, ga juriya, amma haihuwa sai da ƙyar da jiɓin goshi, wadda akan ji labarinta jifa-jifa ga matansu.

Sai a 1827 Karl Ernst von Baer ya ga ƙwan dabba mai shayarwa da idonsa, a jikin karya, sannan a 1876 Oscar Hertwig ya ba da labarin yadda ya ga na uba da na uwa suna haɗewa su zama ɗaya a ƙwan bushiyar teku, wata 'yar dabbar ruwa mai ƙayoyi. Maniyyi miliyoyi ne ke fita, amma da zarar guda ya shiga, ƙwan yakan sauya fatarsa ya rufe ƙofa, domin a yawancin dabbobi in biyu suka shiga lissafin ya ɓaci kuma tayin ba ya rayuwa. A nan kuma akwai abin da ba a cika lura da shi ba. Gadon dai rabi da rabi ne, amma kayan aikin ba haka ba ne. Maniyyi rabin bayanansa ya kawo, ya kuma tayar da ƙwan daga barci. Abinci da injinan da za su tafiyar da kwanakin farko kusan duka uwa ce ta zuba su tun kafin a haɗu.

Inda haɗuwar take faruwa ya danganta da inda dabba take zaune. Yawancin kifaye da kwaɗi a ruwa suke sakin ƙwai, namiji ya bi ya zuba maniyyi a kai, ruwan ne mai kai saƙo. Asara a nan ba ta da iyaka, don haka da yawa ake rufe giɓin: akwai kifayen teku da mace ɗaya ke sakin ƙwai miliyoyi a shekara, kuma in biyu suka kai ga girma iri bai ɓata ba. A tudu kuwa maniyyi bushewa zai yi, dole sai an kai shi har cikin jikin mace, wato barbara. Wasu matan ma ajiya suke yi. Kaza takan ci gaba da saka ƙwai mai ƙyanƙyasuwa fiye da mako guda, wani lokaci biyu ko uku, bayan an ɗauke zakara. Sarauniyar zuma a farkon rayuwarta take tashi sama a yi mata barbara, abin da ta tara a 'yan kwanakin nan shi za ta riƙa tsakura shekaru. Ƙwan da ta zuba wa maniyyi mace zai zama, wanda ta saka haka nan kuwa namiji. Ke nan kowane namijin zuma ba shi da uba, sai kaka na wajen uwa.

To, an haɗu. Daga nan ne abin mamakin yake somawa, kuma nan ne na fi so a tsaya a duba da kyau.

Ƙwayar takan rabu biyu, biyun su zama huɗu, huɗu su zama takwas, ba tare da duka ɗin ya ƙara girma ba, tamkar fili ɗaya ne ake ta yankawa gida-gida. A kwaɗo, cikin sa'o'i kaɗan za ta zama 'yar ƙwallo mai rami a ciki. Sannan sai ƙwayoyin su fara ƙaura, wani gefe ya lotsa ya shige ciki kamar an danna yatsa a jikin balan-balan mai laushi, har a samu shimfiɗa uku. Ta waje ita za ta ba da fata da ƙwaƙwalwa da laka. Ta tsakiya ƙashi da tsoka da jini da zuciya da ƙoda. Ta ciki kuma rufin hanji da hanta da huhu. Kifi ne, tsuntsu ne, giwa ce, duk ta wannan ƙofa suke bi. Har yau ina jinjina cewa fatar da ke taɓa duniya da ƙwaƙwalwar da ke fassara taɓawar asalinsu shimfiɗa ɗaya ce.

Amma wa ya gaya wa wannan ƙwaya ta zama ido, waccan ta zama ƙoda? A 1891 Hans Driesch ya girgiza ƙwan bushiyar teku bayan ya rabu biyu, har ƙwayoyin biyu suka rabu da juna. Da a ce akwai ɗa a dunƙule a ciki, rabi-rabi za a samu. Sai ga shi ƙwayar da ta keɓe ta ba da cikakken ɗa, ƙarami dai amma ba abin da ya rasa. Ashe ƙwaya a farko ba ta da sana'a, matsayinta a cikin 'yan uwanta ne ke ba ta. A 1924 aka buga sakamakon aikin Hilde Mangold da malaminta Hans Spemann a Jamus, wanda ya ƙara fito da maganar fili. Ta yanko wani ɗan yanki daga bakin lotsawar nan a tayin wata dabba 'yar uwar kwaɗo mai jela, ta dasa shi a gefen cikin wani tayin. Sai tayin ya fito da jiki na biyu a manne, mai laka da sauran kayansa, kuma akasarin wannan sabon jiki daga ƙwayoyin mai masauki aka gina shi. Baƙon umarni kawai ya bayar, maƙwabta suka bi. Spemann ya karɓi kyautar Nobel a 1935. Ita Mangold ta rasu a hatsarin gobara tun a 1924 tana da shekara 25, ba ta ga inda aikin hannunta ya kai ba.

Ke nan ƙwayoyin magana suke yi da juna, da harshen sinadarai. Wani gungu ya fitar da sinadari, na kusa su same shi da yawa, na nesa kaɗan, kowa ya gane inda yake tsaye ya kama aikin da ya dace da wurin. Ba wai kuma ana raba musu bayanan gadon ba ne kowa ya ɗauki nasa. Kundi ɗaya ne a hannun kowace ƙwaya, babin da aka buɗe mata ne ya bambanta. John Gurdon ya nuna haka a 1962 da ya ɗauko cibiyar ƙwayar hanjin ɗan kwaɗo, wato inda kundin nan yake ajiye, ya sa a ƙwan da aka kashe wa tasa cibiyar, aka samu sabon ɗan kwaɗo. A 1996 kuma aka haifi tunkiyar nan Dolly a Sikotilan ta irin wannan hanya, daga ƙwayar hantsar wata tunkiya. Akwai ma wani rukunin bayanan gado da ake kira Hox, mai tsara jiki daga kai zuwa wutsiya, wanda aka fara ganowa a wani ɗan ƙuda, daga baya aka tarar da danginsa suna irin wannan aiki a ɓera da mutum. Tsarin tsoho ne, gwargwado ne ke sauyawa. Raƙumin dawa ƙasusuwa 7 ne a wuyansa, daidai da na ɓera.

Wani ɓangaren ginin kuma rushewa ne. Ƙafar kaza da ta agwagwa iri ɗaya suke farawa a cikin ƙwai, kamar 'yar faifai, yatsun a haɗe. A kaza, ƙwayoyin da ke tsakanin yatsun sukan mutu a kan lokaci bisa umarni, yatsun su ware. A agwagwa an taƙaita wannan mutuwa, fatar ta zauna, ta samu abin iyo. Yatsun hannun mai karanta wannan ma haka aka sassaƙo su.

Duk wannan aiki yana cin abinci, kuma babban bambancin da ke tsakanin dabbobi ya koma kan wa zai ba da guzuri, ta wace hanya, har tsawon yaushe. Tsuntsu lokaci ɗaya yake biya, ya ƙulle komai a cikin ɓawo. Gwaiduwa ce abincin, farin ruwan kuma sha ne da kariya. Ɓawon yana da dubban ƙananan kafofi da iska ke shiga da fita, wasu jijiyoyi irin waɗanda ka gani a hasken tocila daga baya sukan shimfiɗu a ƙarƙashinsa su yi aikin huhu. Ɗan tsakon har sinadarin ƙashi yake zara daga ɓawon, abin da ke sa ɓawon ya yi rauni daidai lokacin da za a fasa shi. Gab da fitowa sai ya janye sauran gwaiduwar zuwa cikin cikinsa ta cibiya, ya huda ɗan kogon iskar da ke gefen ƙwan mai faɗi ya ja numfashin farko, sannan ya soma saran ɓawo da wani ɗan ƙaho a kan bakinsa wanda zai faɗi bayan 'yan kwanaki. Abin da uwa ke ƙarawa zafi ne da juya ƙwan. In zafin ya yanke ya daɗe, ginin ya tsaya ke nan, sai baragurbi.

Dabba mai shayarwa kuwa kullum take biya. Ƙwanta ɗan mitsitsi ne, kusan ba guzuri, sai ya maƙale a bangon mahaifa ya shuka mabiyiya. Jinin uwa da na ɗa ba sa gauraya, kusantar juna kawai suke yi, abinci da iska su tsallaka nan, ƙazanta ta tsallaka can. Zomo wata guda yake ɗauka, tunkiya da akuya wata 5, saniya wata 9, goɗiya wata 11, giwa kusan wata 22. Kangaru na Ostireliya ya bi wata hanya: bayan kimanin kwana 33 ake haifar ɗan, bai kai giram 1 ba, makaho, ya ja jiki da ƙafafun gaba har cikin aljihun uwarsa ya kama nono, a can ya ƙarasa watannin da wasu ke yi a ciki. Ko bayan haihuwa ma igiyar ba ta gama yankewa ba. Mabiyiyar saniya ba ta barin sinadaran garkuwar jiki su wuce zuwa ga ɗa, don haka maraƙi yakan faɗo duniya kusan ba kariya. A dakashi yake samun ta, kuma hanjinsa a cikin yini guda na farko kaɗai yake iya zuƙe ta. Maraƙin da ya rasa nonon farko yakan daɗe yana fama, in ma ya rayu.

Nan za a ga cewa bayanan gado ba su kaɗai ke magana ba, abin da ke kewaye da tayin ma yana sa baki. A dabbobi masu shayarwa maniyyin uba ne ke yanke namiji ko mace, a tsuntsaye ƙwan uwa ne. Amma a 1966 Madeleine Charnier, a Jami'ar Dakar, ta lura cewa a ƙadangaren nan mai jan kai zafin da ƙwai ya kwanta a ciki yana sauya yawan maza da mata. Daga baya aka tabbatar haka abin yake ga kada da kunkuru iri-iri. A kunkurun teku, yashi mai zafi mata yake fitarwa. Wani bincike da aka buga a 2018 a kan koren kunkurun da ke ƙyanƙyasa a arewacin babban murjanin tekun Ostireliya ya samu fiye da kashi 99 cikin 100 na matasansu mata ne. Wannan abin damuwa ne ƙwarai, domin ɗumamar duniya ba sai ta kashe dabba za ta yanke irinta ba. Zuma ma haka: tsutsa ɗaya ce, in an ɗora ta a kan abinci na musamman da yawa ta fito sarauniya a kwana 16 ta yi shekaru, in an ba ta na kowa ta fito ma'aikaciya a kwana 21.

Ga wasu dabbobin, ƙyanƙyasa rabin tafiya ce, sai an rushe an sake gini. Ɗan kwaɗo yakan fito da jela ba ƙafa, yana numfashi irin na kifi, da dogon hanji a nannaɗe don narka gansakuka. Ranar da lokaci ya yi, ƙafafun baya su ɓullo, na gaba su biyo, huhu ya karɓi aiki, hanjin ya gajarce don cin ƙwari. Jelar ba gutsurewa take yi ba, jikin ne ke shanye ta. Mai ba da umarnin wani ƙululu ne a wuya, wanda in ya kumbura ga mutum ake cewa maƙoƙo. A 1912 Friedrich Gudernatsch ya ciyar da 'ya'yan kwaɗi naman wannan ƙululu, sai suka rikiɗe tun lokaci bai yi ba, suka zama kwaɗi 'yan ficil-ficil. In kuma aka cire shi, ɗan sai ya yi ta girma da jelarsa ba ya zama kwaɗo. Malam-buɗe-littafi nasa ya fi tsanani. Tun tana tsutsa take ɗauke da wasu 'yan gungun ƙwayoyi a ɓoye, na fiffike da na ƙafa da na ido, suna jira. Da ta shige kwanso, sai a narkar da akasarin tsohon jikin a ciyar da waɗannan. Amfanin wannan wahala a fili yake: yaro aikinsa ci, babba aikinsa yawo da haihuwa, ba sa rububin abinci ɗaya. Sauro ma haka yake, shi ya sa kwantaccen ruwa na mako ɗaya ko biyu ya ishe shi cika gari. Fara ita ba ta shiga kwanso, saɓa take yi sau da yawa har fiffike ya fito.

Waɗanda ba sa rikiɗa ma ba daidai suke isowa ba. Ɗan tsako da ɗan akuya a ranar farko suke miƙewa. Ɗan tattabara da ɗan kyanwa kuwa ido rufe suke zuwa, sai an ɗauki ɗawainiyarsu, har tattabara uwa da uba duka suna fitar da wani abu mai kama da madara daga maƙoshinsu don ciyar da 'ya'ya. Inda ƙuruciya ta yi tsawo, a nan koyo yake shiga cikin ginin. Ɗan giwa yakan ɗauki watanni kafin ya iya sarrafa hancinsa yadda ya kamata, hanyar ruwa kuma a bayan tsofaffin mata yake koyon ta.

Balaga ita ce hawa na ƙarshe. Ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo, 'ya'yan maraina ko ma'ajin ƙwai su farka, jiki ya sauya: zakara ya fitar da zanko ya soma cara, bunsuru ya yi gemu da wari. Ɓera cikin wata 2 yake kai wa nan, giwa sai ta haura shekara 10, wani kifin shak na tekun Girinlan kuma an ƙiyasta a 2016 cewa macensa sai ta kai kimanin shekara 150. Kuma ba kwanaki kaɗai ake ƙirgawa ba, har da halin jiki. Karsanar da ta tashi cikin yunwa takan makara wajen neman sa.

Sai dai ƙwayoyin da ke farkawa a lokacin balaga ba sababbi ba ne, tun farkon ginin aka ware su gefe. 'Yar maraƙa tana cikin mahaifa ake tanadar mata ƙwayayen da za ta haihu da su, don haka saniya mai cikin 'ya mace tana ɗauke da mafarin jikokinta. A ƙwan kaza kuwa, waɗannan ƙwayoyi ba a wurin zamansu ake yin su ba. Daga gefen tayin suke tasowa, su faɗa cikin jini wajen kwana na 2, lokacin da zuciya ta soma bugawa, jinin ya ɗauke su har inda ma'ajin ƙwai zai kasance su sauka. Ranar da ka kara ƙwan nan a tocila a kwana na 5, sun riga sun isa.